Hula Ɗaya, Mai Ita Ɗaya: Sana'ar Kayan Oda Ta Waya

A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da wuya a zaga unguwa ba a samu tela, ko baduku, ko matar da ke ɗinkin hula a cikin gida ba. Tun iyaye da kakanni haka ake yi: mai so ya zo ya faɗi irin abin da yake buƙata, a yi masa daidai shi. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne waya. Yanzu mai saye yana iya kasancewa a Kano ko Abuja, bai taɓa ganin fuskar mai yi ba, hoto kawai ya gani a WhatsApp. Da yawanmu ɗalibai da wannan sana'a muke sayen littafi da biyan kuɗin mota, kuma mun san ƙannenmu na sakandare sun fara sha'awarta.

Sai dai kayan oda ba ɗaya suke da kayan kasuwa ba. Mai shago a Kantin Kwari, in wani ya taya shadda ya fasa, gobe wani zai saya. Amma hular da aka ɗinka lamba 22 da zaren da ya dace da shaddar mutum ɗaya, ko kofunan biki masu sunan ango da amarya da ranar ɗaurin aure, ko allon zayyana mai sunan yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, mai su ɗaya ne a duniya. In ya fasa, kaya sun zama naka, kuɗi sun tafi.

To me ya sa ake shiga duk da haka? Saboda a nan ne ƙaramin mai jari ke da ƙarfi. Ba za mu iya karya farashi kamar dilolin Kano ba, amma su ma ba su da lokacin zama da mutum ɗaya su ji launin da yake so. Dabarar ita ce a zaɓi abu guda a ƙware a kai, har in an ambace shi a tuna da kai. Masu saye kuma ba su da nisa. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga na jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga 'yan ajin ƙarshe masu son riga mai sunan makarantarsu bayan WAEC da NECO, ga Islamiyyu masu bikin sauka.

Ƙa'ida ta farko ita ce kafin alƙalami. Kada a yanka yadi ko a sa allura sai mai saye ya ba da abin da zai sayi kayan aiki, akasari rabin kuɗi. Ta biyu, komai ya kasance a rubuce: suna harafi bayan harafi, launi, awo, farashi da ranar karɓa. Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk suna ɗaya ne a baki, amma a jikin kofi hamsin ba ɗaya ba ne. A tura wa mai saye rubutun, a jira ya amsa da kansa kafin a fara. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da magana a kan irin wannan ciniki, suna kiransa istisna'i, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne a fayyace siffar kaya don kada a yi jayayya.

Wajen farashi ne sababbi suka fi faɗuwa. A ce riga ta ci naira 4,000, bugun suna 1,500, ka sayar 6,000. Kana ganin ka ci 500, alhali ba ka lissafa data ba, da kuɗin mota zuwa wurin mai bugu, da leda, da rigar da za ta iya lalacewa. Haka hular hannu, wadda kan ɗauki makonni. In ba a sa kuɗin lokacin mai ɗinki ba, guminta aka ci.

Talla kuwa gaskiyar hoto ce jarinta. A ɗauki aikin da aka yi da hannu, a hasken rana, ba tare da gyaran da zai sauya launi ba. Mai ɗauko hoton wani daga Instagram ya ce nasa ne, ciniki ɗaya zai yi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu kyauta. Kuma kada a sa hoton kayan da ke da sunan mutum ko fuskarsa sai da izininsa.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay, 'yan damfara kuma suka saba da saƙon bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. A buɗe asusu a ga sun shiga kafin kaya su fita. In za a aika ta tasha, a karɓi lambar direba da ta mota a tura wa mai saye, a kuma yi magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin aike.

Ga ku ƙannenmu, wanda bai kai shekara 18 ba ya yi da sanin iyaye, ya yi amfani da asusun baba ko yaya, kuma kada ya je haɗuwa da baƙon intanet shi kaɗai. Oda alkawari ce mai rana, jarrabawa ma tana da rana, don haka hutu ne lokacin karɓar aiki. Mai son cinikin Ƙaramar Sallah ya buɗe littafinsa tun Sha'aban, ya rubuta adadin da hannunsa zai iya, in ya cika ya rufe. Gara a ce wa mutum a yi haƙuri tun kafin azumi, da a kashe masa waya daren Sallah.