Kafin mu ce manomi ya ƙi, mu tambayi dalili

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Idan mu muka makara zuwa taro, sai mu ce hanya ce ta lalace. Idan wani ne ya makara, sai mu ce raggo ne. A shekarar 1977 wani masani, Lee Ross, ya bayyana wannan kuskure: muna ɗora aikin mutum a kan halinsa, muna manta yanayin da yake ciki.

Kuskuren yana ɓata binciken da ake yi kafin a tsara wani aiki ko a ƙera wani kayan aiki domin jama'a. Mai binciken da ya riga ya yanke hukunci ba ya sake tambaya.

Ga misali daga ƙasar Maraɗi. Shekaru da dama ana dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Aka riƙa cewa manoma ba su damu da icce ba. Amma dokar daji ta wancan lokaci ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma. Wanda ya sare ba tare da izini ba, ko a gonarsa ne, ana cin sa tara. Wa zai raini abin da ba nasa ba?

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, suna toho kowace shekara. Aka fara sassaben zamani: a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a yanke sauran. Da manoma suka tabbata amfanin iccen nasu ne, sai suka rungumi aikin. Daga baya an ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a hekta miliyan 5 a Nijar. Manoman ba su canza hali ba, yanayi ne ya canza.

Idan an sa ku cikin kwamitin bincike na gari, ku kiyaye waɗannan:

1. Ku rubuta abin da kuka gani, ba abin da kuke zato ba.
2. Ku tambayi mutum abin da ya hana shi: kuɗi, lokaci, nisa ko doka.
3. Ku saurari mata da matasa su kaɗai, don su saki jiki.
4. Kowa ya tambayi kansa: da ni ne a wurinsa, me zan yi?