Abubuwan da ya kamata ka sani game da kunnuwan bututun bindigar ɗuri

Wanda ya saba ganin adakar maharba ko ta 'yan bindiga a hawan Sallah ya san yadda ake ɗaure bututu da ƙota da zoben ƙarfe. Doguwar bindigar ɗuri ta Amurka, wadda maƙera 'yan asalin Jamus suka ƙera a Lancaster ta jihar Pensilbaniya a ƙarni na 18, ba ta da irin wannan zobe. Abin da ke riƙe ta a ɓoye yake: kunnuwa ne.

Mene ne kunnuwan?

'Yan ƙarafa ne ƙanana da ake kafawa a ƙarƙashin bututu, galibi uku ko huɗu. Kowanne yana shiga gurbin da aka sassaƙa masa a cikin katako, sai a soka tsinken ƙarfe ya ratsa katakon da kunnen gaba ɗaya. Da tsinke aka haɗa bindigar Brown Bess ta sojan Ingila, Charleville ta Faransa kuwa zobe aka sa mata.

Ta yaya ake kafa su?

Hanya uku ce. Ta farko, a yanka gurbi mara zurfi da zarto da magagari, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a tura kunnen ta gefe ya zauna daram. Ta biyu, a liƙa shi da dalma. Ta uku, a lanƙwasa ƙarfe mai ƙafa biyu, a dasa ƙafafun a 'yan ramuka, a daddale gefensu.

Ina haɗarin yake?

A kaurin bangon bututu. Yawancin waɗannan bututu masu kusurwa takwas sun fi sirancewa wajen tsakiya. Idan gurbi ya yi zurfi a nan, ƙarfe zai raunana daidai inda ƙarfin albarushi ke bi. Shi ya sa a wurin siriri ake fifita dalma.

Me ya sa ake tsawaita hujin kunnen?

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ƙarfe kuwa ba ruwansa da laima. Idan hujin kunnen ya matse tsinke, ƙota za ta riƙa jan bututu, saiti ya karkace, wani lokaci katakon ya tsage. Sai a ɗan tsawaita hujin ta gaba da baya don tsinke ya samu wurin motsi.

Gwanin maƙeri ba ya gaggawa a kan kunnuwa, domin gurbin da ya zarce zurfi ba ya cikuwa.