Yalwan Damai: Abin Da Ke Sa Batirin Mota Yawan Mutuwa

A ƙauyukan kudancin Jigawa irin su Yalwan Damai, mota ɗaya kan zama abin dogaron unguwa guda. Idan naƙuda ta zo cikin dare, ita za ta kai mai ciki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ranar da batir ya mutu, sai neman masu turi.

Direbobi da dama kan garzaya sayen sabon batir, bayan kwana kaɗan shi ma ya kwanta, domin sau da yawa matsalar tana wani wuri.

Da mita mai rewaya ke fara bincike. Lafiyayyen batir kan nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe. In an tayar da inji, ya kamata ya hau kusan 14. Idan bai hau ba, altaneta ba ta caji, ko kuma fanbel ya saki.

In caji lafiya lau ne, to wani abu na shan wuta cikin dare: rediyon da aka haɗa kai-tsaye, fitilar but ko cajar waya. Akan zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon.

Farin garin da ke taruwa a kan batir ma yana hana wuta wucewa; a wanke shi, a ɗaure kan da kyau. Zafin bazara kuma na ƙafar da ruwan batir, don haka a riƙa dubawa ana ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba.