Cazuza: Ɗan gatan da ya ƙi ɓoye ciwonsa

Ranar 15 ga Janairun 1985 wakilan zaɓe a Birazil suka zaɓi Tancredo Neves shugaban ƙasa, farar hula na farko bayan shekara 21 ana mulkin soja. A ranar kuma, a birnin Rio de Janeiro, matasa sun yi cincirindo a bikin kiɗa na Rock in Rio, wanda aka fara yi a shekarar. Cikin ƙungiyoyin da suka hau dandamali akwai Barão Vermelho, mawaƙinta wani ɗan shekara 26 mai rawar kai da kowa ke kira Cazuza. Da ya rera "Pro Dia Nascer Feliz", waƙar fatan gari ya waye cikin farin ciki, sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, domin kowa ya san wane dare ne ake murnar ƙarewarsa.

Sunansa na yanka Agenor de Miranda Araújo Neto. An haife shi a Rio ranar 4 ga Afrilun 1958, shi kaɗai a wurin iyayensa. Mahaifinsa João Araújo shi ne shugaban kamfanin faya-fayai na Som Livre, saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga manyan mawaƙan ƙasar suna shiga gidansu suna fita. Gata dai ya same shi har ya yi yawa. Boko bai dame shi ba, yawon dare da shaye-shaye kuwa ya yi su son ransa, bai kuma taɓa ɓoye cewa yana soyayya da mata da maza ba.

A 1981 ya shiga Barão Vermelho, inda ya haɗu da makaɗin jita Roberto Frejat: wannan ya tsara kiɗa, wancan ya zuba baitoci. Uban ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda kamfaninsa ya buga musu faifai, gudun kada a ce ya yi son kai. Faifan farko ya fito a 1982, bai yi wata kasuwa ba. Sai da mawaƙi Caetano Veloso ya rera ɗaya daga waƙoƙinsu a bainar jama'a, ya yaba wa marubucinta, mawaƙi Ney Matogrosso kuma ya sake rera wata, sannan gidajen rediyo suka farga.

Abin da ya bambanta Cazuza da sauran samarin rok na zamaninsa shi ne kunnensa biyu ne. Ɗaya yana wajen Janis Joplin da Rolling Stones, ɗayan yana wajen tsofaffin mawaƙan samba da na begen masoyi irin su Cartola da Lupicínio Rodrigues, waɗanda yawancin tsaransa ke ɗauka kayan iyaye ne. Ya ɗauko kishi da yaudara da zafin rabuwa daga wurinsu, ya ɗora a kan ƙarar jita, cikin harshen da 'yan unguwa ke magana da shi. Shi ya sa 'yan Birazil ke kiransa sha'iri, ba mawaƙi kawai ba.

Watanni kaɗan bayan Rock in Rio ya bar ƙungiyar, ya fitar da faifansa na kansa, Exagerado.

A 1987 gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A lokacin babu maganin kirki sai AZT, mai wahalar da jiki, wanda ya kamu kuma ana gudunsa kamar mugun iri. Iyayensa suka kai shi Boston a Amurka. Ya dawo a rame, amma alƙalaminsa ya ƙara kaifi. Faifan Ideologia na 1988, wanda mutane da yawa ke ganin shi ne ƙololuwar aikinsa, ya karkata zuwa ga halin da ƙasa ke ciki. Waƙarsa "Brasil" ta caccaki rashawa da yadda manya ke cin karensu babu babbaka, kuma da muryar mawaƙiya Gal Costa ta zama waƙar buɗe Vale Tudo, wasan kwaikwayon talabijin da kusan kowane gida ke kallo da dare.

A Fabrairun 1989 ya faɗa wa jaridar Folha de S.Paulo cewa yana da cutar. Yana cikin fitattun mutanen ƙasar na farko da suka faɗi haka da bakinsu. Bayan wata biyu mujallar Veja ta sa hotonsa a bangonta, ƙashi da fata, da kanun da ke nuna ajalinsa ya riga ya zo. Wannan rashin tausayi ya fusata mawaƙa da 'yan wasa, suka yi tir da mujallar. Shi kuwa ya ci gaba da fita. A keken guragu ya je karɓar lambar yabo, a kai kuma ake kai shi ɗakin ɗaukar murya lokacin aikin Burguesia, faifai biyu a haɗe. Wasu waƙoƙin a kwance ya rera su, kuma mai sauraro yana jin yadda muryar ta dushe.

Ya rasu ranar 7 ga Yulin 1990 a gidan iyayensa a Rio, yana da shekara 32.

A wannan shekarar mahaifiyarsa Lucinha Araújo ta kafa gidauniyar Sociedade Viva Cazuza, ta zuba kuɗin haƙƙin waƙoƙinsa wajen rainon yara masu ɗauke da ƙwayar cutar, aikin da ta riƙe kusan shekara 30. Ta kuma ba da labarin ɗanta a littafi a 1997, wanda aka mayar fim a 2004. A 1996 Birazil ta kafa dokar da ta wajabta wa gwamnati ba duk mai ɗauke da cutar magani kyauta. Ƙungiyoyin marasa lafiya da likitoci ne suka yi gwagwarmayar wannan doka, amma sun yi ta ne a ƙasar da ta riga ta ga ciwon a fuskar mawaƙin da take ƙauna.