Kwalejin Al'umma Ba Ta Tare Hanyar Digirin Tattalin Arziki

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin iyaye da yawa, musamman 'yan uwanmu mazauna Amurka da masu shirin tura 'ya'yansu karatu can. Cewa suke yaron da ke son digirin tattalin arziki, muddin ya fara da kwalejin al'umma, wato kwalejojin nan na shekara 2, to ya yi wa kansa. Hujjojinsu huɗu ne: takardar kwalejin difloma ce kawai, jami'a ba ta lissafa kwasa-kwasan da aka yi a can, karatun ba shi da zurfi, kuma akasarin waɗanda suka shiga ba sa kaiwa ga digiri.

Masu wannan ra'ayi ba ƙin yaro suke yi ba, tsoro suke ji masa. Duk wanda ya ga yadda mai HND ya daɗe yana bin bayan mai digiri a ma'aikatun Najeriya, dole gabansa ya faɗi in ya ji an ambaci makarantar da ba jami'a ba. Sai dai an auna tsarin Amurka ne da mudun da ba nasa ba, shi ya sa awon bai fito daidai ba. Bari mu ɗauki hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Batun difloma tukuna. Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake ɗauka a matsayin kwalejin gwamnati ta farko irin wannan. Cikin waɗanda suka assasa ta har da William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, kuma tunaninsa shi ne shekaru biyun farko na jami'a karatun share fage ne da za a iya yi a wata makaranta kusa da gida. Ke nan tun asali an gina ta ne domin ta miƙa ɗalibi ga jami'a. A yau takardun kwalejin al'umma iri biyu ne. Akwai AA da AS, waɗanda aka tsara domin mai wucewa jami'a. Akwai AAS, wadda aka tsara domin mai son koyon sana'a ya kama aiki. Ta biyun ce ta yi kama da diflomar da iyaye ke tsoro, kuma mai son digirin tattalin arziki ba ita zai nema ba. Abin da ya fi kusa da ta farkon a gida shi ne IJMB, inda ɗalibi ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Bambancin shi ne a Amurka aji uku yake shiga. Ranar da ya kammala kuwa, sunan jami'ar ne a kan digirinsa, iri ɗaya da na wanda ya fara can tun aji ɗaya.

Hujja ta biyu, cewa jami'a ba ta karɓar kwasa-kwasan, ta ci karo da dokokin jihohi da dama. A Fulorida tun 1971 akwai yarjejeniyar da ta tabbatar wa mai AA daga kwalejin gwamnati gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar. Har lambar kwas ɗaya suke amfani da ita: ECO 2013 da ECO 2023, kwasa-kwasan tattalin arziki biyu na farko, lambarsu ba ta canzawa daga kwaleji zuwa jami'a. A Tekzas su ne ECON 2301 da ECON 2302. A birnin New York, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa a yankin Bronx, kwalejoji irin su Hostos da Bronx Community College suna ƙarƙashin inuwa ɗaya da Baruch da Hunter, wato CUNY, kuma tun 2013 darussan gama-gari da ɗalibi ya ci a ɗaya suna bin sa zuwa ɗayar. Kalifoniya kuma ta yi doka a 2010 da ta kafa takarda ta musamman domin masu tiransifa, wato masu wucewa daga kwaleji zuwa jami'a: kiredit 60, GPA aƙalla 2.0, maki C ko sama da haka a kwasa-kwasan fanni. Wanda ya cika waɗannan yana da tabbacin gurbi a aji uku a rukunin jami'o'in gwamnatin jihar da ake kira CSU, kuma ba za a ɗora masa fiye da wasu kiredit 60 ba kafin ya karɓi digiri a fannin da ya dace da takardarsa.

Hujja ta uku ita ce ta rashin zurfi, kuma a nan ya kamata mu tsaya mu duba abin da ake koyarwa. Ɗalibin tattalin arziki a shekaru biyun farko, a jami'a yake ko a kwalejin unguwa, ginshiƙansa huɗu ne. Akwai maikro, wanda ke duba yadda mai saye da mai sayarwa da kamfani ke yanke shawara har farashi ya tsaya. Akwai makro, wanda ke duba ƙasa baki ɗaya: hauhawar farashi, rashin aikin yi, kuɗin ruwa da aikin babban banki. Sai ƙididdiga, sai lissafin kalkulas. Takardar Kalifoniya ta tattalin arziki waɗannan huɗun ta sa a gaba, sannan ta bar wa ɗalibi zaɓi tsakanin darussa irin su akanta da ƙarin lissafi. Ragowar kiredit ɗin na darussan gama-gari ne: rubutun Ingilishi, kimiyya, tarihi da makamantansu. Zurfin da ake magana a kai, wato maikro da makro na matakin tsakiya da ikonometiriks, galibi darussan aji uku da huɗu ne. Ɗan kwaleji bai yi su ba, haka ɗan aji biyu na jami'a galibi bai gama su ba. A aji uku za su haɗu su yi tare. Malamin kwaleji kuwa a ƙa'ida yana da digiri na biyu aƙalla a fanninsa, kuma ajinsa na mutum gommai ne, alhali darasin maikro na farko a manyan jami'o'i kan tara ɗaruruwa a zaure ɗaya.

Inda ake samun giɓi na gaske shi ne lissafi, kuma zaɓin ɗalibi ne ke haifar da shi. Kalkulas iri biyu ne a jadawalin yawancin kwalejoji: gajere na 'yan kasuwanci, da cikakke wanda ɗaliban kimiyya da injiniya ke yi. Ɗauki yara biyu da suka shiga tare. Na farko ya zaɓi gajeren saboda ya fi sauƙi, ya ci A. Na biyu ya ɗauki cikakken na zango biyu, ya sha wuya, ya fita da B. Wasu sassan tattalin arziki za su karɓi duka biyun, amma waɗanda suka fi tsauri cikakken kawai suke lissafawa. Dalilin a fili yake. A makon farko na maikro na aji uku, malami zai rubuta lissafin kuɗin da kamfani ke kashewa, ya ce a fitar da abin da ƙarin buhu ɗaya zai ci, sannan a gano adadin da riba za ta kai ƙololuwa. Wannan tambaya kalkulas ce tsantsa. Wanda ya tsere wa lissafi a kwaleji zai same shi yana jiransa a nan, kuma da a jami'ar ya fara ya yi irin wannan zaɓin, sakamakon ɗaya ne.

Saura hujja ta huɗu, kuma ita ce ta fi nauyi, domin akwai alƙaluma a bayanta. Binciken cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta ya nuna cewa kusan 80 cikin 100 na masu shiga suna da burin digiri, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke wucewa jami'a, kuma kimanin 16 cikin 100 ne ke da digiri a hannu bayan shekara 6. Ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa masu sauya makaranta sun yi asarar kusan 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Ba wanda zai rufe ido a kan waɗannan. Amma a tambayi abin da suke aunawa. Kwalejin al'umma ƙofarta a buɗe take ga kowa: mai aikin dare, uwa mai goyo, wanda ya bar aji shekara 15, wanda zai fara lissafi daga aljabra. Da yawansu rabin lokaci suke karatu. Kwatanta su da ɗaliban da jami'a ta tace ta zaɓa ba adalci ba ne. Alƙaluman asarar kiredit kuma sun haɗa kowane irin sauyi. A rahoton nan, waɗanda suka baro makarantun kuɗi masu neman riba zuwa na gwamnati su ne suka yi asarar 94 cikin 100. Abin da alƙaluman ke koyarwa shi ne tafiya ba tsari tana da tsada. Hanyar kanta tana kaiwa, shaida kuwa ita ce kusan ɗaya cikin uku na sababbin ɗaliban Jami'ar Kalifoniya 'yan jihar ta tiransifa suke shigowa.

Tsarin kuma ba ɓoyayye ba ne. A Kalifoniya akwai shafin intanet na hukuma mai suna ASSIST. Ɗalibi zai zaɓi kwalejinsa, da jami'ar da yake so, da fannin tattalin arziki. Shafin zai fito da layi biyu: a hagu kwas ɗin da jami'a ke buƙata, a dama kwas ɗin kwalejin da ya yi daidai da shi, in babu kuma a rubuta babu. Wanda ya buɗe wannan shafi kafin rajistar zangon farko, ya kai wa mai ba ɗalibai shawara suka tsara zanguna huɗu tare, da wuya ya yi kwas ɗin da za a zubar. Wasu jihohin ma suna da irin wannan jadawali.

Gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar abin. Tabbacin gurbi na rukunin jami'o'i ne, ba lallai na harabar da yaro ya ƙwallafa rai a kanta ba. Harabobi 6 na Jami'ar Kalifoniya, wadda rukuni ne daban da CSU, ciki har da Davis da Irvine da Santa Barbara, suna da shirin tabbatar da gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa, amma Berkeley da UCLA ba sa ciki, kuma tattalin arziki na cikin fannonin da ake rububinsu a can. Sauƙin kuɗi ma yana da sharaɗi: dala 46 kan kowane kiredit na mazauna Kalifoniya ne, ɗalibin da ya zo daga waje yana biyan ninkin wannan sau da yawa, ko da yake duk da haka bai kai kuɗin jami'a ba. Yarjejeniyoyin nan kuma na cikin jiha ne. Wanda ya tsallaka wata jiha, sabuwar jami'ar ce za ta duba kwasa-kwasansa ɗaya-ɗaya.

Saboda haka, iyaye, idan yaro ya ce zai fara da kwalejin al'umma, kada a karya masa gwiwa, kada kuma a sake masa. A zaunar da shi a yi masa tambayoyi uku. Wace jami'a za ka wuce? Takardar da ka yi rajista ta masu tiransifa ce ko ta sana'a? Wane kalkulas sashen tattalin arzikin jami'ar ke karɓa, kuma a wane zango za ka fara shi? Yaron da ya kawo amsar waɗannan a rubuce ya riga ya kama hanyar digirinsa. Wanda ya kasa amsawa kuma, a tura shi ofishin shawara kafin a biya kuɗin rajista.