Jakar Ruwan da ke Ɓuya a Bayan Tumbi

Yaro ya faɗo daga keke, kan keken ya soke shi a ƙahon zuciya. Aka shafa masa man zafi, kwana biyu ya koma wasa. Wata guda bayan haka sai ya fara ture kwanon tuwo da loma uku, yana amai, saman cikinsa ya tasa kamar an cusa masa ƙwallo. Likitocin yara sun san irin wannan labari sarai.

Abin da ya ji rauni shi ne fankiriyas, wata gaɓa mai tsawon kusan santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da insulin, ita ce kuma ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Idan ta kumbura ko ta tsage, ruwan nan mai kaifi sai ya tsiyaye ya taru a gefenta. Jiki kuwa ba ya zuba ido. Sannu a hankali yakan kewaye ruwan da katangar tabo, aikin da ke cin kamar mako 4. Likitoci na kiran wannan jakar ruwan jakar ƙarya, domin bangonta ba shi da shimfiɗar ƙwayoyin halitta irin ta jaka ta gaskiya.

A wajen manya, giya da tsakuwar matsarmama su ne kan gaba wajen haddasa ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk ciwon da ya tsaya a saman ciki, mutane sukan ce olsa ce, a yi ta shan farin maganin kemis. Amma wannan ciwon yakan ratsa har gadon baya, mai shi ya rame, wani lokaci idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara saboda jakar ta danne hanyar ruwan matsarmama. Hoton ciki ko na CT ke raba gardama, tare da taimakawa a tabbatar ba ƙari ba ne.

Maganin farko sau da yawa haƙuri ne, abin da ke ba dangin mara lafiya haushi. Jakunkuna da dama kan tsotse da kansu. A da, ƙa'idar ita ce a zuƙe duk wadda ta haura santimita 6 ko ta wuce mako 6. Yanzu an fi duba ko tana wahalar da mai ita. In ta hana cin abinci, ta yi mugunya, ko tana ƙara girma, sai a zura bututu mai kyamara ta baki, a huda bangon tumbi, a sa ɗan siririn bututu, ruwan ya malale cikin tumbi. Inda babu wannan na'ura, tiyata ake yi a haɗa jakar da tumbi ko hanji.

Zazzaɓi, aman jini, ko ciwo mai tsanani farat ɗaya ba su jiran wayewar gari, domin jakar na iya fashewa ko ta cinye jijiyar jinin da ke zuwa saifa.