Gyaran Hanyar Mai a Tsohuwar Mota: Nasiha ga Masu Fijo na Jega da Aliero da Maiyama

 Ya ku malamai da 'yan kasuwa, maganarmu ta yau a kan abin hawa ce, wanda da shi ake zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure, da shi kuma ake kai albasa kasuwa.

Wanda duk ya san Jega ya san tun zamanin ayari babbar kasuwa ce a ƙasar Gwandu. Da mota ta zo kuwa garin bai rasa matsayinsa ba, gama nan hanyar Sakkwato ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi kudu ta Maiyama da Koko har Yawuri da Kwantagora. Cikin motocin da suka ci wannan hanya, da wuya a sami wadda ta daɗe a hannun jama'a kamar Peugeot, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe ma'aikatar haɗa su a Kaduna, ba a kuwa daina haɗa 504 a can ba sai 2006. Saboda haka kowacce aka gani yau tsohuwa ce, waɗansu ma sun girmi direbobinsu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wani ɗan kasuwa na Aliero ya gaji a-kori-kura 504 daga mahaifinsa. Shekara shida tana ajiye a gindin darbejiya, kaji suna saka ƙwai a cikinta. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, sai ya ga gara ya tashe ta. Ya sa mata batir, ya zuba galan guda na fetur, ta tashi. Ran nan cikin bazara ya ɗora mata buhu goma na albasa ya kama hanyar Yawuri, kafin ya kai Maiyama ta fara tari, ta mutu. Kwana biyu albasa tana shan rana a bakin titi, daga ƙarshe ya sayar da ita yadda ta kama. Da aka ja motar zuwa wani gareji a Jega, tsohon makaniken da ya duba ta ya ce, "Alhaji, injin lafiya lau yake, ciwon yana hanyar mai."

To, jama'a, ku sani fetur yana yada zango huɗu kafin ya ƙone, watau tanki, da bututu, da famfo, da kafireto. Gyara kuwa daga tanki ake fara shi, domin wanda ya wanke kafireto ya bar tanki da dauɗa, kamar wanda ya wanke moɗa ne ya koma ya ɗebo daga gurɓataccen tulu.

Fetur in ya daɗe a ajiye, sashensa mai sauƙi yakan tashi ya bi iska, saura ya yi duhu ya zama danƙo mai warin fenti. Har wa yau raɓa takan taru a cikin tankin da ba a cike yake ba, ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya haifi tsatsa. Maganinsa a sauke tanki, a zubar da abin da ke ciki, a zuba tsakuwa da ruwan zafi da garin sabulu a girgiza, a ɗauraye har ruwa ya fito garau, sa'an nan a shanya shi ya bushe sarai. A duba 'yar kafar da tanki yake numfashi ta cikinta, gama zanzaro yakan toshe ta da laka, mai kuwa ba ya fita inda iska ba ta shiga. In tankin ya huje, kada a yi gaggawar kai shi wurin mai walda. Tankin da babu kome ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur shi ne yake fashewa. Lalle a wanke shi a cika da ruwa kafin wuta ta taɓa shi, in kuwa tsatsa ta cinye shi, a nemi wani wurin 'yan gwangwan.

Bututun ƙarfe da ya bi ƙarƙashin mota, a kwance shi a hura masa iska. Tiyon roba kuwa duk a sake shi, kuma a sayi wanda aka yi domin fetur, gama tiyon ban-ruwa narkewa yake yi. A sa sabuwar filta, irin wadda ake ganin cikinta.

Famfo yana jikin inji, injin ne ke motsa shi. A cikinsa akwai wata roba mai hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri. In ta bushe ta tsage, fetur yakan zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya ci kansa ba a sani ba. Alamarsa a zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In an ji fetur, ko an ga baƙin mai yana ƙaruwa ba wanda ya ƙara, to, a sake robar ko famfon, a juye baƙin man. Da bazara kuma zafi yakan sa fetur ya tafasa cikin famfo, mota ta mutu. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke ɗora masa dabara ce mai kyau, amma ta kan hanya ce kawai.

Kafireto kuwa kalmar Turawa ce harshenmu ya lanƙwasa, kada almajiri ya tsorata da sunan. Shi ne ke gauraya fetur da iska, wajen kashi 1 na fetur ga kashi 15 na iska in an auna da nauyi. Mafi yawan na Fijo ƙirar Solex ne. Kafofinsa ƙanana ne kamar kafar allura, danƙo kaɗan yake toshe su. A kwance shi a jiƙa, a hura iska, kada a zura waya. Waya tana faɗaɗa kafa, daga nan mota ta riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya, mai shi ya riƙa biyan kuɗin fetur ɗin da bai kai shi ko'ina ba. A duba kuma 'yar allurar da ke tsai da mai in ƙoƙon kafireto ya cika, domin in ta side, fetur yakan malala bisa inji mai zafi. A wanke matatar iska, ƙurar hunturu ba ta jin ƙan inji.

Abu biyu muke hani gare su. Ɗaya, ɗaure jarka a saman mota a ja tiyo zuwa kafireto, wannan gayyatar gobara ce. Na biyu, zuƙar fetur da baki, gama in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kisa.

Saura maganar man da ake zubawa. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, motoci da dama suka lalace, domin metanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan ruwa. Wanda larura ta kai shi ga 'yan bumburutu, ya zuba kaɗan a farar kwalba ya ajiye, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Muna roƙon malamanmu, in sun zo wa'azi a kan algus da tauye mudu, su haɗa da lita da galan, da gauraya fetur da kananzir. Makanikai kuma su tuna mota amana ce a hannunsu, kada a goge tsohon kaya a karɓi kuɗin sabo. Mai mota ya nemi a miƙa masa abin da aka cire.

Mutumin Aliero kwana tara motarsa ta yi a gareji, abin da ya kashe kuwa bai kai hasarar albasarsa ba. Yanzu tana kai kaya tana dawowa. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai a tace ta tukuna.

Allah Ya kiyaye mu da hasara da gobara, Ya sa albarka cikin nemanmu, Ya kai matafiya gida lafiya.